Kujerar Mace a Majalisa: Aikin da Ake Farawa Daga Gunduma

Shirin na wannan mako zai yi bayani ne a kan ƙoƙarin da ƙungiyoyin mata da sauran masu kishin al'umma suke yi daga tushe, wato daga unguwa da gunduma da ƙaramar hukuma, domin ƙara yawan matan da ake zaɓa a majalisu da sauran kujerun mulki a Nijeriya, tare da duba abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar da wasu ƙasashen da suka riga Nijeriya taka wannan hanya.

Kafin zaɓen 2023, Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta bayyana cewa mutanen da suka yi rajista sun haura miliyan 93, kuma kashi 47.5 cikin 100 na wannan adadi mata ne. Da aka kammala zaɓe aka kuma gama shari'o'in da suka biyo baya, mata huɗu ne kacal suka zauna a Majalisar Dattawa mai kujeru 109, a Majalisar Wakilai mai kujeru 360 kuwa ba su kai ashirin ba. A majalisun jihohi lamarin ya fi muni, domin jihohi fiye da goma ne suka rantsar da 'yan majalisa babu mace ko ɗaya a cikinsu, kuma mafi yawan waɗannan jihohi suna Arewa, har da Kano mai kujeru 40. Wannan ya sa Nijeriya ta kasance kusa da ƙarshe a jerin ƙasashen duniya ta fuskar wakilcin mata, alhali matsakaicin abin da mata suke riƙe da shi a majalisun duniya ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne baya ake komawa, tun da a 2007 mata tara ne suka shiga Majalisar Dattawa. Tun daga samun 'yancin kai har zuwa zaɓen 2023 ba a zaɓi mace gwamna ba a kowace jiha. Virginia Etiaba ta riƙe Anambara na kimanin wata uku daga Nuwamban 2006, amma ta hau ne daga kujerar mataimakiya bayan an tsige gwamna, kuma ta sauka da kotu ta mayar da shi.

Ba za a fahimci wannan gibi a Arewa ba sai an tuna cewa ƙuri'ar mace sabon abu ce a yankin idan aka gwada da Kudu. Matan Kudu sun sami damar jefa ƙuri'a a shekarun 1950, bayan gwagwarmayar irin su Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ƙungiyarta ta matan Abeokuta ta tilasta wa Alake, sarkin garin, sauka daga karaga na wani lokaci a 1949 a kan harajin da aka ɗora wa mata, da Margaret Ekpo, wadda ta tattara matan kasuwar Aba har ta shiga Majalisar Jihar Gabas a 1961. Matan Arewa kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 suka fara jefa ƙuri'a, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da wannan haƙƙi. Ma'ana, duk zaɓukan Jamhuriya ta Farko an yi su ne babu muryar rabin mutanen Arewa.

A tsawon waɗannan shekaru akwai matan da ba su zauna jira ba, kuma wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Ta shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, tun tana da ƙuruciya, ta zama shugabar reshen mata a Sabon Garin Zariya, ta kuma tafi har Abeokuta domin ganawa da Funmilayo Ransome-Kuti. Salon aikinta shi ne abin da yau ake kira aiki daga tushe: tana shiga gida-gida ta tattauna da matan kulle a tsakar gidajensu, inda maza 'yan siyasa ba su da ikon shiga, tana yi musu bayanin haraji da aikin tilas da auren wuri da ilimin 'ya'ya mata, tana kuma danganta waɗannan duka da ƙuri'ar da aka hana su. Ta sha duka, ta sha ɗauri a gidajen yari sau da yawa, an kuma taɓa korar ta daga Kano. Ta rasu a 2001, kuma babban asibitin da ke Ƙofar Gayan a Zariya yana ɗauke da sunanta. Abin lura a tarihinta shi ne ta yi shekaru fiye da ashirin tana tara wa jam'iyya jama'a kafin doka ta ba ta damar jefa ƙuri'arta ta farko, kuma wannan rabon aiki, inda mace ke tara jama'a namiji ya hau kujera, shi ne har yau ya fi yawa a siyasar ƙasar.

Duk wanda ya san yadda ake yaƙin neman zaɓe a Kano ko Katsina ko Sakkwato ya san cewa mata ne ƙashin bayansa. Kowace jam'iyya tana da muƙamin shugabar mata tun daga gunduma har zuwa matakin ƙasa, kuma aikin mai wannan muƙami shi ne ta tara mata zuwa taro, ta raba atamfar anko, ta shiga gidajen biki da suna da ta'aziyya da sunan ɗan takara, ranar zaɓe kuma ta tabbatar matan unguwarta sun fito tun da sassafe sun kama layi. Sau da yawa layin mata a rumfar zaɓe ya fi na maza tsawo, sun kuma fi haƙurin jira a rana. Amma a kwamitin zartarwa na jam'iyya, inda ake yanke shawarar wanda zai tsaya, kujerar shugabar mata ita kaɗai ce aka keɓe wa mace, sauran muƙamai kamar shugaba da sakatare da ma'aji da sakataren tsare-tsare kusan duk maza ne suke riƙe da su. Wannan shi ne ainihin inda matsalar take, domin a tsarin mulkin Nijeriya ba a tsayawa takara sai a ƙarƙashin jam'iyya, saboda haka macen da jam'iyya ba ta tsayar ba, masu zaɓe ba za su ma ga sunanta ba balle su zaɓe ta ko su ƙi ta. A 2023 mata sun kasance kimanin kashi ɗaya cikin goma na 'yan takara baki ɗaya, kuma da yawansu ƙananan jam'iyyun da ba su da ƙarfin cin zaɓe ne suka ba su tuta. A cikin 'yan takarar shugaban ƙasa 18, mace ɗaya ce.

Zaɓen fid da gwani, wato zaɓen da jam'iyya take yi a cikin gida domin fitar da wanda zai riƙe mata tuta, Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda a yi shi ta ɗaya daga hanyoyi uku. Akwai ƙato-bayan-ƙato, inda duk mai katin jam'iyya yake da ƙuri'a. Akwai zaɓen daliget, inda wasu 'yan tsirarun wakilai da aka fitar daga gundumomi suke zaɓa a madadin kowa. Akwai kuma maslaha, inda ake so 'yan takara su janye wa mutum ɗaya bisa yarjejeniya a rubuce. A ƙarƙashin wannan doka, hanya ta biyu da ta uku su ne manyan jam'iyyu suka fi bi, kuma dukansu suna hannun gwamna ko ubangidan siyasa, domin shi ne yake tsara jerin daliget tun daga gunduma, shi ne kuma yake kiran mai neman takara cikin dare ya ce ya haƙura sai wani zagaye. Kalmar haƙuri ta fi faɗawa kan mata, kuma yawanci akan haɗa ta da alkawarin muƙamin mai ba da shawara ko kujerar wata hukuma, wanda ko ya tabbata ko bai tabbata ba, sunan macen ya riga ya fita daga takardar ƙuri'a.

Sai batun kuɗi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa a kan naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na ɗan Majalisar Wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. Manyan jam'iyyu biyu sun yafe wa mata kaso mafi tsoka na wannan kuɗi, kuma sukan yi shelar haka a matsayin shaidar cewa sun buɗe ƙofa. Sai dai kuɗin fom ƙaramin abu ne a cikin abin da takara take ci, idan aka lissafa abin da ake kashewa a kan daliget, da motocin yawon mazaɓa, da fasta, da ejan-ejan na ranar zaɓe, da lauyoyi idan an tafi kotu. Matan da suka taɓa neman takara sun sha bayyana cewa rangwamen da kansa yakan zama makami a kansu, domin idan aka zo zaman maslaha sai a ce wadda ba ta zuba kuɗi ba ita ce ta fi cancantar janyewa, tun da ba ta da asarar da za ta yi.

Akwai wasu shingaye da doka ba ta rubuta ba amma kowa ya san su. Tarurrukan da ake yanke manyan shawarwari a cikinsu da tsakar dare ake yin su, a gidajen saukar baƙi ko ɗakunan otal, lokacin da matar aure ba za ta fita ba tare da an yi mata surutu ba. Ƙazafi a kan mutunci shi ne makamin farko da ake ɗauko wa mace 'yar takara, kuma kafofin sada zumunta sun sa yana yaɗuwa cikin 'yan sa'o'i. Ga kuma 'yan bangar siyasa. A Nuwamban 2019, bayan zaɓen gwamnan Kogi, an ƙone Salome Abuh, shugabar matan PDP a gundumarta, a cikin gidanta da ke Ochadamu, kuma irin wannan labari yana isa kunnen kowace mace da take tunanin fitowa, da kunnen mijinta da iyayenta waɗanda za ta nemi yardarsu. Haka nan matsalar asali: macen da ta yi aure a wata jiha, dangin mijinta sukan ce baƙuwa ce, a garin iyayenta kuma a ce ai ta riga ta bar gida. Binta Masi Garba ta tsallake wannan shinge, domin ta wakilci Kaduna ta Kudu a Majalisar Wakilai daga 1999, daga baya ta wakilci Madagali da Michika a Adamawa, sannan ta zama sanata a 2015, amma yadda ake yawan kafa misali da ita ya nuna irinta ba su da yawa.

Batun addini yana buƙatar a yi shi da natsuwa, domin a Arewa babu fafutukar da za ta yi nisa idan jama'a suna ganin ta saɓa wa addininsu. Malamai sun yi saɓani a kan shugabancin mace, kuma da yawa daga cikinsu suna bambanta shugabanci mafi girma na al'umma da zaman majalisa, wanda aikinsa shawara ne da bin diddigin dukiyar jama'a da isar da koken mutane. Masu wannan fahimta sukan kafa hujja da shawarar da Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ta bayar a Hudaibiyya, sukan kuma tunatar da tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta kafa a ƙarni na 19, inda take naɗa masu muƙamin jaji, wato shugabannin mata masu ilimi, su tafi ƙauyuka su karantar da 'yan uwansu. Ƙungiyoyin da suka yi tasiri a Arewa su ne waɗanda suka yi magana daga cikin wannan gado. FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985, ba jam'iyya ba ce kuma ba ta tsayar da 'yan takara, amma makarantunta da asibitocinta da aikinta na wayar da kan masu zaɓe da sa ido a rumfuna sun horar da dubban mata a kan shugabanci da riƙon amana da magana a gaban jama'a. Jam'iyyar Matan Arewa, wadda duk da sunanta ƙungiyar jin ƙai ce da aka kafa a Kaduna a 1963, ita ma ta yi irin wannan raino, haka kuma zumuntar mata a majami'un Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Taraba.

Ganin cewa a cikin jam'iyya ake rufe ƙofa, masu aiki daga tushe sun fara karkata hankalinsu daga ranar babban zaɓe zuwa ga abin da ke gabaninta da shekara biyu ko uku. Mataki na farko shi ne katin jam'iyya, wanda ya bambanta da katin zaɓe: mata da yawa da suke halartar kowane gangami sunansu ba ya cikin rajistar jam'iyyar a gundumarsu, saboda haka ba su da ta cewa ranar da ake zaɓen shugabannin gunduma. Nijeriya tana da gundumomi 8,809 a ƙananan hukumomi 774, kuma daga waɗannan gundumomi ake fitar da shugabannin jam'iyya da daliget. Idan matan gunduma ɗaya suka yi rajista da yawa, suka halarci taron zaɓen shugabanni a kan lokaci, suka tsayar da tasu a kujerar sakatare ko ma'aji, suka kuma nemi kaso a jerin daliget, to sun taɓa wurin da ake rabon mulki tun kafin a buga fasta ko ɗaya. Aiki ne marar armashi, ba ya fitowa a talabijin, kuma masu ba da tallafi daga waje ba su cika son sa ba domin ba a ganin sakamakonsa cikin wata shida, amma a ra'ayin wannan shiri ya fi taron bita ɗari da ake yi a otal-otal ɗin Abuja amfani.

Mataki na biyu shi ne asusu. A 2011 aka kafa Asusun Tallafa wa Matan Nijeriya domin taimaka wa masu neman takara, daga baya kuma ƙungiyoyi irin su ElectHER suka fito da horo da tara gudummawa ta intanet. Amma abin da waɗannan suke iya bayarwa kaɗan ne idan aka auna shi da girman ƙasar, shi ya sa ake duba abin da mata suka riga suka mallaka. Adashi tsohon tsari ne da matan Hausa suke tara jari da shi bisa amana, babu takarda babu lauya, kuma uwar adashin da ta shekara goma tana riƙe kuɗin mata hamsin ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta riga ta ci jarrabawar da 'yan siyasa da yawa ba za su ci ba. Ƙungiyoyin masu sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu surfe da casar shinkafa, da malaman Islamiyya, da ungozoma da ma'aikatan jinya, duk suna da shugabanni da rana ta taro da asusu. Kuɗin da za su iya tarawa ba zai sayi kujerar sanata ba, amma zai iya ɗaukar nauyin takarar kansila ko ta majalisar jiha, kuma wadda mata dubu suka yi mata karo-karo tana da iyayen gida dubu da za ta koma ta yi wa bayani, maimakon ubangida ɗaya.

Mataki na uku shi ne tsaron ƙuri'a. A zaɓen 2023 akwai rumfuna 176,846, kuma ɗan takarar da ba shi da wakili a rumfa da wurin tattara sakamako, wanda zai tsaya har a ƙirga, ya sa hannu, ya karɓi kwafin takardar sakamako, ba shi da hujjar da zai kai kotu. Tarihin Aisha Jummai Alhassan, wadda aka fi sani da Mama Taraba, ya nuna yadda takara take ƙarewa a gaban alƙalai: kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara a takarar gwamnan Taraba a Nuwamban 2015, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Kotun Ƙoli suka soke. Aishatu Ɗahiru Binani kuwa ta kayar da manyan maza a zaɓen fid da gwani na APC a Adamawa a 2022, kuma an danganta wannan nasara da goyon bayan daliget mata da shekarun da ta yi tana hidima a mazaɓarta, duk da cewa ba ta kai ga kujerar gwamna ba a 2023, a zaɓen da ya ƙare cikin taƙaddama. A Kwara, Rukayat Shittu ta shiga majalisar jiha a 2023 tana da shekara 26, abin da ba zai yiwu ba in ba don gyaran tsarin mulki na 2018 da matasa suka yi fafutukarsa ba, wanda ya rage shekarun takarar wannan kujera daga 30 zuwa 25.

Wannan gyara na 2018 ya nuna cewa matsin lamba daga ƙasa yana iya canza tsarin mulki, kuma a kan wannan fata ne ƙungiyoyin mata suka tunkari Majalisar Tarayya da ƙudurori biyar. A ranar 1 ga Maris 2022 majalisar ta yi watsi da su duka, ciki har da na ƙirƙiro kujeru na musamman ga mata, da na ba su kashi 35 cikin 100 na shugabancin jam'iyyu, da na bai wa matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar. Washegari mata suka mamaye ƙofar majalisar a Abuja, suka yi kwanaki suna zaman dirshan, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga cikin ƙudurorin a ranar 8 ga wata, amma wa'adin majalisar ya ƙare ba a mayar da ko ɗaya doka ba. A Afrilun 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci a ƙarar da gamayyar ƙungiyoyi suka shigar, ta umarci gwamnati ta cika alkawarin kashi 35 cikin 100 na naɗe-naɗen muƙamai da ke cikin Manufar Jinsi ta Ƙasa ta 2006. Darasin 2022 a bayyane yake. Gyaran tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure da amincewar majalisun jihohi 24, kuma ɗan majalisar da ya ƙi ƙudurin bai ji tsoron komai ba domin ya san taron yana Abuja, matan mazaɓarsa kuwa, waɗanda su ne za su iya hukunta shi, yawancinsu ba su ma ji an kaɗa ƙuri'ar ba.

Jamhuriyar Nijar, inda harshe da addini da al'ada suka yi daidai da na Arewacin Nijeriya, ta isa hujja a kan masu cewa al'adar Bahaushe ce ta hana. A ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka yi maci a Yamai zuwa ofishin firaminista, saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa, kuma ba su watse ba sai da aka ƙara musu kujeru. Ranar ce ta zama Ranar Matan Nijar da ake tunawa da ita kowace shekara. Duk da haka, majalisar da aka zaɓa a 1999 mace ɗaya ce a cikin 'yan majalisa 83. A shekarar 2000 aka kafa dokar kaso, wato dokar da ta wajabta cewa kowane jinsi ya sami aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na naɗe-naɗe, kuma a zaɓen 2004 mata 14 suka shiga majalisa mai kujeru 113. An ɗaga kason zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, kuma majalisar da aka zaɓa a ƙarshen 2020, wadda juyin mulkin Yulin 2023 ya rushe, mata sun riƙe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kujerunta. A Senegal ma ƙungiyoyin mata ne suka matsa har aka kafa dokar raba daidai a 2010, kuma a zaɓen 2012 mata 64 suka shiga majalisa mai kujeru 150.

Sai dai akwai bambancin tsari da ya kamata a fahimta. A Nijar kafin juyin mulkin 2023, jam'iyya takan gabatar da jerin sunaye ne ga kowace jiha, ana kuma raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu, saboda haka abu ne mai sauƙi doka ta ce a sa mata a jerin, kotu kuma ta ƙi karɓar jerin da bai cika sharaɗi ba. A Nijeriya kowace mazaɓa kujera ɗaya gare ta, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ɗauke, don haka ba wa mace tuta yana nufin hana wani namiji takamaimai, mai suna da magoya baya, kuma sau da yawa shi ne yake kan kujerar. Wannan ne ya sa aka koma ga shawarar ƙarin kujeru, irin wadda Yuganda da Kenya suke amfani da ita, inda kowace gunduma ko yanki ke zaɓen wakiliya mace. Ƙudurin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu da wasu abokan aikinsa suka gabatar, wanda ya tsallake karatu na biyu a 2024, ya nemi ƙarin kujera ɗaya ta sanata da ɗaya ta wakilai ga kowace jiha da Abuja, da kujeru uku a kowace majalisar jiha.

Masu sukar wannan shawara suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Majalisar Tarayya ta riga ta yi wa talakawa tsada, kuma wakiliyar da mazaɓarta jiha ce sukutum za ta buƙaci kuɗin kamfe fiye da na namijin da ke neman ƙaramar mazaɓa, abin da zai iya mayar da kujerun rabon matan gwamnoni da 'ya'yansu da surukansu. Ruwanda, wadda ta zama ƙasa ta farko da mata suka yi rinjaye a majalisa a 2008, ita ma ana yi mata tambaya a kan yawan ikon da majalisar take da shi a gaban fadar shugaban ƙasa. Amma wannan suka hujja ce ta ƙarfafa aikin gunduma, domin ko an ƙirƙiro kujerun, jam'iyya ce za ta tsayar da masu neman su, kuma waɗanda suke zaɓen maza a cikin jam'iyya su ne za su zaɓi matan. Akwai kuma shaida cewa kaso yana canza abin da ake kashe kuɗi a kai idan ya sauka ƙasa sosai. Indiya ta keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka a gyaran tsarin mulkin da ya fara aiki a 1993, kuma binciken da Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo suka wallafa a 2004 ya gano cewa ƙauyukan da mata suke shugabanta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha, wanda shi ne abin da matan wuraren suka fi kai kuka a kansa. A yankin da mutuwar mata wajen haihuwa take cikin mafi yawa a duniya, kuma 'ya'ya mata da yawa ba sa kammala sakandare, ba ƙaramin abu ba ne a sami wadda ta taɓa kwana a ɗakin haihuwa na asibitin karkara a cikin masu duba kasafin kuɗin lafiya.

Wannan ya dawo da magana kan ƙaramar hukuma, matakin da ya fi kusa da rijiya da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare, kuma matakin da takararsa ta fi sauƙin kuɗi, mazaɓarsa kuma mace za ta iya zagaye ta da ƙafa ta koma gidanta kafin magariba. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma ba a yarda gwamnoni su riƙa naɗa kantomomin riƙo a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni ba. Idan aka aiwatar da hukuncin yadda ya kamata, kujerar kansila da ta ciyaman za su ƙara daraja, gasar neman su kuma za ta ƙara zafi. Hukumomin zaɓe na jihohi ne suke shirya wannan zaɓe, kuma a mafi yawan jihohi jam'iyyar gwamna ce take lashe kusan dukan kujerun, abin da ke nufin cewa ainihin zaɓen yana faruwa ne ranar da jam'iyya ta rubuta sunayen 'yan takararta. Matan da suke son ganin tasu a wannan jeri suna buƙatar sunayensu su shiga rajistar gunduma, su san ranar taron zaɓen shugabanninta, su kuma daidaita a kan mace ɗaya tun kafin a fara sayar da fom.